Wasiƙa ga Edita: A daina cewa "sake gwadawa" idan manhajar lissafi ta faɗi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Na daɗe ina karanta jaridar nan ban taɓa rubuto muku ba, sai yau da amsar da aka ba wani mai karatu a shafin fasahar zamani ta hana ni sakat. Bawan Allahn ya kawo kukan cewa manhajar lissafin kuɗin kamfaninsu tana rufe kanta duk sa'ad da suka loda mata bayanai masu yawa a tashi ɗaya. Aka ce masa ya kashe kwamfuta ya kunna, ya sake gwadawa, in ta ƙi ya ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta. Na san mai amsar da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma a matsalolin kwamfuta da dama shawarar tana ci. Amma a aikin akanta, wannan "sake gwadawa" ita ta kusa raba wata baiwar Allah da aikinta a ofishinmu, kuma ni ne shugabanta a lokacin.

Ni akanta ne a wani kamfanin rarraba kaya, shekarata 17 a wannan aiki. Ban karanta injiniyancin kwamfuta ba, ɗan abin da na sani wuya ce ta koya mini. Ba zan ambaci sunan manhajar da muke amfani da ita ba, don abin da zan faɗa bai tsaya a kanta ita kaɗai ba.

Duk ƙarshen wata rassanmu suna turo takardun ciniki da rasitan kuɗin da aka karɓa, mu haɗa su a fayil guda, mu shigar da su cikin babban littafi a dunƙule. A watan da abin ya faru layukan sun haura 46,000, saboda an buɗe sababbin rassa biyu. Akawun da ke wannan aiki yarinya ce mai natsuwa, ba ta cika shekara biyu da mu ba. Ta danna maɓallin shigarwa da misalin ƙarfe 4 na yamma. Sandar da ke nuna tafiyar aiki ta ja har ta wuce rabi, sai allon ya yi fari, can kuma manhajar ta ɓace ɓat, ko saƙo ba ta bari ba. Yarinya ta yi abin da kowa zai yi, ta buɗe ta sake lodawa. Ta sake faɗuwa. Da ta ga haka sai ta raba fayil ɗin gida biyu, kowanne ya shige lami lafiya. Ta duba jimillar debit da ta kiredit, wato ɓangarori biyu na littafin da dole su zo ɗaya, ta ga sun yi daidai, ta rufe ta tafi gida.

Sai bayan kwana 9, da muka zo daidaita littafi da takardar banki, muka ga littafinmu yana nuna an karɓi kuɗi masu yawa da babu su a banki. Duk shigarwar kuwa sunanta ne a kai. Manaja ya sa aka rubuta mata takardar tuhuma, ni na sa hannu. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka ina wanke kaina. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen nata. Abin da ya cece ta shi ne wani dare da barci ya ƙaurace mini, na jera shigarwar bisa yawan kuɗi da sunan mai biya, sai ga rasit guda ya fito sau uku, da lokuta uku: 4:31, 5:02, 5:40. Na gangara ƙasa, haka abin yake a rasit 312.

Ga yadda aka yi. Ashe manhajarmu ba ta jiran aiki ya kammala kafin ta rubuta shi a rumbun bayanai, kashi-kashi take rubutawa tana tafiya. Da ta faɗi a karon farko, abin da ta riga ta rubuta yana nan daram. Tana da mai gadi da ke hana shigar da takarda guda sau biyu, to amma da lambar takarda yake gane maimaici, su kuwa sababbin rassan sun turo rasitansu gurbin lamba babu komai. Takardun ciniki mai gadi ya tare su, rasitan nan suka yi ta wucewa. Kuma inda gizo ke saƙar, wanda duk ɗalibin akanta ya sani amma ya kan manta da shi a gaban allo, shi ne cewa idan aka shigar da abu sau uku, debit ɗinsa da kiredit ɗinsa duka sau uku suke shiga. Littafi zai daidaita tsaf, alhali ƙarya ce a ciki.

Wanda ke ganin na cika baki ya binciki abin da ya faru a ofishin wasiƙu na Birtaniya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan rassa sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, hujjar kuwa alƙaluman manhajar Horizon ce, wadda kamfanin Fujitsu ya ƙera. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun yi asarar gidajensu. A watan Disamba na 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar tana da kurakuran da ke iya haifar da giɓin da babu shi, a 2024 kuma majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar soke hukuncin da aka yanke musu. Ɗaya daga cikin kurakuran, wanda aka laƙaba wa sunan ƙauyen Dalmellington na Scotland inda ya bayyana, kamar da ofishinmu aka yi shi: allo ya kan daskare yayin da ma'aikaci ke tabbatar da karɓar kuɗi, duk dannawar da ya ƙara yi kuma manhajar tana rubuta ta a matsayin sabuwar karɓa, ba tare da ta nuna masa ba. A reshen nan giɓin ya kai fam 24,000. Da na karanta labarin sai da jikina ya yi sanyi, don da hannuna na sa wa waccan takardar tuhuma.

Saboda haka abu na farko bayan faɗuwa shi ne a ɗauke hannu daga maɓalli. A shiga littafi a ƙirga layi nawa ne suka shiga, wanne ne na ƙarshe. Manhaja mai kyau ko dai ta shigar da duka ko ta janye duka, kamar ba a taɓa farawa ba. Amma kada mutum ya ɗauka tasa haka take sai ya gwada ya gani da idonsa. Mu shekara da shekaru muna zaton tamu haka take.

Sai batun RAM. Mu ma shawarar farko da aka ba mu ke nan, muka ɗaga kwamfutar daga gigabait 8 zuwa 16. Wata na gaba ta faɗi a daidai inda ta saba. Ranar wani hutu na ɗauki kwafin bayananmu na dora a wata kwamfuta daban, na buɗe Task Manager a gefe, wato tagar Windows da ke nuna abin da kowace manhaja ke ci, na saki aikin ina kallo. Ƙwaƙwalwar da manhajar ke ci ta yi ta hawa a hankali ba ta sauka, megabait 600, 900, 1,300. Tana kaiwa wajen 1,700 sai ta mutu, alhali fiye da rabin RAM ɗin kwamfutar yana zaune ba a taɓa shi ba. Na maimaita sau uku, sakamakon bai canza ba. A nan ne na lura da wani ɗan rubutu kusa da sunanta da ke nuna cewa mai bit 32 ce.

Manhajar da aka gina a kan bit 32 ba ta iya ganin abin da ya wuce gigabait 4 ko da an tara mata RAM ɗin duniya, kuma a ƙa'ida Windows gigabait 2 kawai take ba ta, sai in masu ƙera ta sun yi mata wani saiti na musamman. Ta kan ma faɗi kafin ta cika 2 ɗin, domin wani lokaci fili take nema a haɗe wuri guda, abin da ya rage kuwa gutsi-gutsi ne a warwatse. Kamar a ce teburin akawu ya cika da takardu har suna zubewa, sai maigida ya rushe bango ya faɗaɗa ofis. Ofis ya yi girma, tebur yana nan yadda yake. Maganin shi ne ko a sauya tebur, wato a koma bugu mai bit 64 in akwai, ko a riƙa kawo takardun kaɗan-kaɗan ana kwashewa. Mu na biyun muka yi, layi 5,000 a kowane zubi, kuma bayan zubi uku a rufe manhajar a sake buɗewa, don na ga ba ta sakin ƙwaƙwalwar da ta riƙe sai an rufe ta. Ban ce ƙarin RAM ba ya taɓa amfani ba. Idan Task Manager ya nuna kwamfutar gaba ɗaya ta cika maƙil, to a ƙara. Amma dubawar ba ta cin minti 20, me zai sa a fara da kashe kuɗi?

Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini irin wannan kuka tambaya guda nake fara yi masa: a ina take tsayawa? Amsar ita ke nuna hanya, ruwa ba ya tsami banza. Idan kullum bayan kusan adadi ɗaya na layuka take faɗuwa, ko mene ne a cikinsu, to wata iyaka ta ci karo da ita, galibi ta ƙwaƙwalwa. Idan kuma a kan takarda guda take tsayawa, takardar ce ke da aibu. Rarrabe su ba wuya: a juya fayil ɗin, na ƙarshe ya koma farko, a gwada a kan kwafi. In ta bi takardar zuwa sabon wurinta, an kama ɓarawo. In ta tsaya a adadin da ta saba, takardun ba su da laifi.

Na takarda mai aibu ya same mu bayan wata biyar, da wani ƙaramin fayil mai layi 4,000 wanda bai isa ya gajiyar da komai ba. Manhajar ba ta faɗin layin da ta tsaya a kai, don haka na yi ta raba shi biyu: rabin da ya faɗi in sake raba shi, wanda ya wuce in ajiye. Mutum zai ɗauka aikin kwana da kwanaki ne, amma rabi 12 ya isa a tsamo layi guda daga cikin 4,000, ko 46,000 ɗin nan ba za su wuce rabi 16 ba. Abin da na tarar ya ba ni dariya da haushi lokaci guda. Sunan wani abokin ciniki ne mai tsawo, ɗauke da ƙ da ɗ. An ajiye fayil ɗin a tsarin UTF-8, inda kowane ɗaya daga haruffan nan masu lanƙwasa ke cin gurbi biyu, ita kuwa tsohuwar manhaja gurbi take ƙirgawa ba harafi ba. Sunan da a ido ya yi daidai da akwatinsa sai ya zarce da gurbi biyu, ta shaƙe. Sauran masu irin wannan ɗabi'a sanannu ne: waƙafi a tsakiyar suna a fayil ɗin CSV (tsarin da ke raba bayanai da waƙafi), wanda ke tura kowane bayani zuwa akwatin maƙwabcinsa, da kwanan wata da wani reshe ya rubuta wata kafin rana, sai manhaja ta tarar da wata na 13, da lambar asusun da aka rufe.

Akwai kuma faɗuwar da ke bin agogo. In kullum wajen ƙarfe kaza take tsayawa, a nemi abin da ke tashi a wannan lokaci, ko manhajar kariya daga bairos da ke bincike ta riƙe fayil ɗin rumbun bayanai, ko aikin ɗaukar kwafin ajiya. Wadda ba ta da tsari ko kaɗan, yau nan gobe can, a duba hanyar sadarwa da sauran ma'aikata. Aikin da zai ɗauki minti 40 ba a yin sa a kan Wi-Fi, yankewar daƙiƙa biyu ta isa ta kashe shi. A sa waya, ko a yi shi kai tsaye a kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan. Wani kuma a ɗaya ofishin ya buɗe asusun abokin ciniki yana gyara, ya tashi ya bar shi a buɗe, rumbun bayanai ya kulle wannan layi, babban aiki ya zo ya tsaya jira. Manhajoji da yawa daƙiƙa 30 suke jira su haƙura. Shi ya sa yanzu ba ma sakin babban zubi sai kowa ya fita.

Wani abin da na so a ce mai amsar ya ambata shi ne farin allon nan. Windows tana yi wa manhaja tambarin "ba ta amsawa" ne idan ta yi daƙiƙa 5 kacal ba ta kula da dannawar mai amfani ba. Wannan ba shaidar mutuwa ba ce. Sau da yawa aiki ne ya sha mata kai, ba ta da sukunin ɗago ido. A duba Task Manager, in ana ganin motsi a faifai ko a injin sarrafawa, a ƙyale ta. Mutane da dama da ke cewa manhajarsu ta faɗi, su ne suka kashe ta da hannunsu don gajen haƙuri. Bayan an kashe ta kuma, rumbun bayanai zai shiga janye abin da aka fara, janyewar tana iya ɗaukar tsawon lokacin da aikin ya ɗauka ko fiye. Mai gaggawa ya ga komai ya tsaya, ya kashe uwar garken ita ma, a wayi gari fayil ya lalace. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

A kan iyakoki ba zan tsawaita ba, amma ya kamata kowane akanta ya san a kan wane rumbu manhajarsa take zaune. Fayil ɗin Access, wani rumbun bayanai na Microsoft, ba ya wuce gigabait 2. SQL Server na kyauta, wanda ake kira Express, daga bugun 2008 R2 har zuwa na 2022 gigabait 10 ne iyakar kowane rumbu. Kamfanin da ya shekara 8 yana zuba bayanai bai taɓa rufe tsofaffin shekaru ba yana iya kasancewa a bakin wannan iyaka bai sani ba. Faifan da ya kusa cika shi ma haka, don babban zubi yana buƙatar filin wucin gadi mai yawa.

Ni a wurina ma faɗuwar da ake ji a jika da sauƙi, don aƙalla ta sanar da kai. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai shiru. Shafin Excel na yanzu layi 1,048,576 yake ɗauka, tsohon tsarin XLS kuwa 65,536. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona 15,841 sun zube ba a lissafa su ba, saboda an bi da su ta tsohon tsarin, abin da ya wuce iyaka ya yanke. Babu allon da ya yi fari, babu ƙararrawa. Yawancinmu ta Excel muke bi da fayil kafin ya isa manhajar lissafi. Don haka kafin kowane zubi muna rubuta lamba biyu a takarda da biro, yawan layuka da jimillar kuɗinsu kamar yadda rassa suka turo, bayan zubi mu nemi lambobin nan biyu a littafi. Da mun san wannan tun farko, da a daren nan yarinyar ta ga ƙarin layi 624 kafin ta tashi. Muna kuma ɗaukar kwafin ajiya daf da zubi, kuma lokaci-lokaci mu dawo da shi a wata kwamfuta mu ga ko yana buɗewa, don na taɓa riƙe kwafin wata uku da ashe fanko ne.

Masu sayar mana da manhajar, sau biyu ina kiransu suna karanto mini "kashe ka kunna". A karo na uku ban kira ba, rubutawa na yi. Na shiga Event Viewer, inda Windows ke ajiye tarihin kurakurai, sashen Application, na nemo kuskure mai lamba 1000 a daidai mintin da ta faɗi, wanda ke nuna sunan ɓangaren manhajar da ya gaza da lambar kuskuren. Na haɗa da hoton Task Manager, da lambar bugun manhajar, da yawan layuka, da bayanin cewa na maimaita sau uku a kwamfuta daban. Kwana biyu sai ga amsa daga wani injiniya na gaske, yana cewa sun san matsalar, kuma suna ba da shawarar kada zubi ya wuce layi 10,000. Suna sane ke nan. To me ya hana a rubuta haka a allon shigarwa? Me ya hana manhaja ta ce fayil ɗin nan ya fi ƙarfina tun kafin ta fara, ko in an sake buɗe ta ta ce na shigar da kaza, saura kaza? Wannan ba ya buƙatar wata gagarumar fasaha, kuma da ya hana takardar tuhuma guda fita.

An janye takardar, na kira yarinyar a gaban manaja na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma na lura ta fi wata biyu ba ta sakin zubi sai ta kira ni na tsaya a kanta. Yanzu ita ke koya wa sababbin ma'aikata ƙirga layi kafin da bayan zubi, kuma ita ta sa aka mayar da gurbin lambar rasit dole, reshen da ya bar shi fanko a mayar masa da fayil ɗinsa. Bugun mai bit 64 an ce yana tafe, shekara guda ke nan muna jira.

Ina roƙonka, Edita, ka miƙa wannan ga mai kula da shafin, in da hali kuma a isar wa mai karatun da ya yi tambayar. In ya riga ya sake gwadawa kamar yadda aka ce masa, ya jera shigarwar ranar bisa yawan kuɗi da suna, ya duba masu kama da juna kafin odita ya riga shi.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani akanta mai karanta jaridarku